Maigidana Yana Haɓo, Ga Hawan Jini Ga Suga, Ya Ce Wai Mugun Jini Ne Ke Fita

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, shekarunsa 57. Shekara shida ke nan da aka ce yana da hawan jini, daga baya kuma aka gano suga. Tun da ya dawo daga Aliero a farkon hunturun nan ya yi haɓo sau huɗu cikin mako uku. Na ƙarshen da asuba ne yana cikin alwala, ya fi rabin awa bai tsaya ba. Na kwantar da shi na ɗaga haɓarsa sama, na zuba masa ruwan sanyi a ka, maƙwabciyarmu Bayarabiya ta murje ganyen ɗoɗɗoya ta cusa masa a hanci. Can daga baya ya yi aman baƙin jini, duk hankalina ya tashi. Da rana ɗanmu ya raka shi kemis aka auna, 176 bisa 104. Ya ƙi zuwa asibiti. Abokansa na kasuwa sun ce masa ai alheri ne, mugun jini ne ke fita, da bai fita ta hanci ba da kansa zai hau ya shanye masa ɓarin jiki. Maganin hawan jinin ya ajiye tun bayan Babbar Sallah, ya ce ya yi tsada kuma shi ba ya jin komai. Ƙaramin asfirin kawai yake sha kullum don an ce yana tsinka jini, sai Alabukun in ya dawo jikinsa na ciwo. Na suga kuwa sai ranar da ya tuna. Anti, gaskiya ne haɓon yana rage masa hawan jini? Ya zan yi in ya sake faruwa cikin dare?

Wata baiwar Allah, Agege, Legas

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigidan lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Na karanta saƙonki sau biyu, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ya ajiye maganin hawan jini ya riƙe asfirin da Alabukun. A nan ƙullin yake, kuma zan dawo kansa. Amma da yake jinin yana iya dawowa yau da daddare, bari mu fara da abin da hannunki zai yi.

Da jinin ya ɓalle, zaunar da shi a kan kujera ko bakin gado, ya miƙe bayansa, ya ɗan sunkuyo da kai gaba kamar mai duban wani abu a cinyarsa. Ki ajiye masa roba a gaba. Idan akwai gudajin jini a hancin, ya fyace su sau ɗaya a hankali. Sai ya sa babban yatsa da manuni ya matse wurin nan mai taushi na hanci, ƙasa da inda ƙashi ya ƙare, ya haɗe kafofin biyu gam. Mutane da yawa karan hanci suke kamawa can sama tsakanin idanu, alhali ƙashi ne a wurin, ko an kwana ana matsa shi ba abin da zai taɓa. Ya riƙa numfashi ta baki, duk jinin da ya gangaro masa maƙogwaro ya tofar a robar, kada ya haɗiye. Ke kuma ki ɗauki waya ki duba lokaci: minti 15 cif, ba saki ba leƙe. Wannan leƙen shi ke ɓata aikin. Bayan minti biyu ko uku mutum zai ce bari in ga ko ya tsaya, da ya saki sai ɗan gudan da ya fara kamawa ya ɓalle, a koma farko. Idan hannunsa ya gaji ki karɓe shi ba tare da an sassauta ba. In akwai ƙanƙara a firij, ko ledar fiya wata mai sanyi, ki naɗe a tsumma ki ɗora a karan hanci, amma ki san matsin nan shi ne maganin, sanyin ɗan taimako ne kawai.

Dalilin da ya sa matsin yake aiki shi ne, haɓo tara cikin goma daga wuri guda yake fitowa, wato gaban shamakin da ya raba kafofin hanci biyu, daidai inda ɗan yatsa ke kaiwa. A wurin ƙananan jijiyoyin jini da yawa suka haɗu a ƙarƙashin wata fata siririya ainun. Idan kika matse wurin mai taushi, kin danne jijiyar da ta fashe ke nan kamar yadda ake danne yankan wuƙa a yatsa.

Kwantar da shi da ɗaga haɓa da kika yi, haka aka yi mana duka muna yara, kada ki zargi kanki. Sai dai hakan ba ya tsayar da jini, hanya kawai yake sauya masa. Maimakon ya zubo ki gan shi, sai ya bi ta baya ya sauka ciki, wani lokaci ma ya sarƙe mutum. Ciki ba ya son jini, shi ya sa ya yi aman nan, kuma ruwan ciki ne ya mai da shi baƙi. Haka ma za ki iya ganin bayan gidansa ya yi baƙi kwana ɗaya ko biyu. Amma ki riƙe wannan: mai shan asfirin kullum yana iya zubar da jini daga cikin tumbinsa ma. Idan baƙin bayan gida ya wuce kwana biyu, ko ya yi aman jini a ranar da bai yi haɓo ba, wannan wata magana ce daban, asibiti za a nufa a ranar. Ganyen ɗoɗɗoya kuwa, maƙwabciyarki ta yi don Allah, ki yi mata godiya, amma kada a ƙara cusa masa komai a hanci, ko ganye ko tishu ko auduga busasshiya. Suna kankare wurin, in an zo cirewa su taho da gudan jinin, ga shi mai suga ba a son ƙazanta ta shiga masa rauni.

Idan minti 15 ta cika aka saki jinin bai tsaya ba, a sake matsewa wata 15 ɗin. In rabin awa ta cika yana zuba, ku kama hanyar asibiti, yana zaune yana matse da hancin a cikin mota. Akwai kuma halin da ba a jiran rabin awar. Idan an matse gaba sosai amma jini na ta kwarara ta maƙogwaro yana cika masa baki, alama ce daga can bayan hanci yake fitowa, inda jijiyoyin suka fi girma kuma yatsa ba ya kaiwa. Irin wannan ya fi samun manya masu hawan jini, kuma ba a iya tsayar da shi a gida. Haka idan ya fara jiri, ko zufa mai sanyi, ko kika ga leɓensa da tafin hannunsa sun yi fari, ko numfashi na yi masa wuya. In kuwa haɓon ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta harɗe, to kada ki tsaya neman mayafi mai kyau, ku fita. Da yake yana da suga, in akwai na'urar gwaji a gida kuma ya fara rawar jiki da zufa, ki gwada; idan ya yi ƙasa da 70 a ba shi abu mai zaƙi muddin yana cikin hayyacinsa.

Kin san Legas, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki san wane maƙwabci ne mai mota ko Keke Marwa da za ki iya buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, ki ajiye lambarsa, ki kuma gaya masa tun da rana. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Babban asibitin Orile-Agege yana kusa da ku, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas yana Ikeja, na Jami'ar Legas kuma yana Idi-Araba, kuma a asibitocin koyarwan akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Ki haɗa duk kwalayen magungunansa a leda guda, har da na gargajiya da na ƙulli, ki rataye inda hannu zai kai cikin duhu.

Yanzu maganar abokan kasuwa. Na sha jin ta, daga bakin mutanen kirki masu son junansu, kuma ina ganin na san inda ta samo asali: mutum ya ga an yi ƙaho jini ya fita an ji sauƙi, sai ya ɗauka haɓo ma haka ne. Ba gaskiya ba ce, 'yar'uwa. Jinin da ke fita ta hanci shi ne dai wanda ke zagaya zuciya da ƙwaƙwalwa, babu wani mugu da jiki ya ware ya tura waje. Kuma hawan jini ba yawan jini ba ne da za a ce an rage kofi guda an huta. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kamar lita biyar, na mai hawan jini da na mai lafiya kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne jijiyoyin mai hawan jini sun ƙanƙance sun yi tauri, ƙoda kuma tana riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Dubi tiyon mai wankin mota idan ya danne bakinsa da yatsa: ruwan bai ƙaru ba, hanyar ce ta matse, shi ya sa yake fita da ƙarfi. To ko an yi wa tiyon nan ɗan ƙaramin huji a gefe, matsin kusan yana nan inda yake. Shaidar ma tana cikin saƙonki. Ya yi haɓo na fiye da rabin awa da asuba, da rana aka auna aka samu 176 bisa 104. Ina abin da haɓon ya rage? Ranar da haɓo zai saukar da awon jini a zahiri, to mutum ya zubar da abin da ya fi ƙarfin jikinsa ne, kuma wannan ranar neman ceton rai ake yi.

Su ma masu cewa hawan jini ne ke fasa hanci kai tsaye, maganarsu na buƙatar gyara. Yawancin masu hawan jini ba sa haɓo, shi ya sa ciwon ke shekara da shekaru a jikin mutum bai sani ba. Abin da ke fara tsaga wurin galibi bushewa ce, ko mura, ko ƙwaƙular hanci, ko fyace majina da ƙarfi. Maigidanki ya tafi Aliero cikin hunturu, ya sha busasshiyar iska da ƙurar hanya, ya dawo ya shiga ƙurar rumfar albasa, da daddare wataƙila fanka na hura masa fuska har asuba. Hancin da ya saba da laimar Legas ya bushe ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da tsagar ta samu, hawan jinin da ya shekara shida yana taurara jijiyoyi sai ya hana su tsukewa, ƙarfin turawar kuma ya riƙa ture gudan jinin da ke son toshe wurin. Shi ya sa haɓon yaro ke tsayawa cikin minti biyar, na Alhaji ya wuce talatin.

Wani abu kuma da nake roƙonki: idan kika auna shi yana tsakiyar haɓo kika ga lamba ta yi sama, kada ki ba shi ƙwaya biyu don ta sauka da sauri. Tsoro da ganin jini kaɗai suna ɗaga awo. A tsayar da jinin, ya huta, sannan a auna. In bayan hutun ya kai 180 bisa 120 ko ya wuce, a tafi asibiti a ranar ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

To mu dawo kan asfirin. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne su ruga wurin da ya fashe su manne da juna su toshe. Asfirin yana kashe musu wannan manne, kuma ƙwayar da ya taɓa ba ta farfaɗowa, sai jiki ya ƙera sababbi, abin da ke ɗaukar kwana bakwai zuwa goma. Wannan shi ne tsinka jinin da ake faɗa. Asfirin ba ya saukar da hawan jini ko kaɗan. Ƙaramin da yake sha miligiram 75 ne. Alabukun kuwa, mutane da yawa ba su san asfirin ne a cikinsa ba, haɗe da sinadarin da ke cikin goro da kofi mai wartsakar da jiki. Ƙulli guda yana ɗauke da asfirin miligiram 760, wato kamar ƙananan nan goma a lokaci ɗaya. Ki duba bayan takardar za ki ga an rubuta, sai dai da dogon sunansa na likitanci. Kin ga ke nan maigidanki ya ajiye maganin da ke kare masa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya riƙe wanda ke hana jininsa tsayawa, ya kuma ninka shi da yamma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, jijiyar da ke cikin kai ma tana iya fashewa idan hawan jini ya yi yawa, kuma asfirin zai hana ta tsayawa kamar yadda ya hana ta hanci. A can babu yatsan da zai matse.

Don haka daga yau Alabukun ya fita daga gidan, tare da ibufurofen da dikulofenak da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tashar mota, wanda ba wanda ya san abin da ke ciki. Duk suna ƙara zubar jini, suna ɗaga awo, suna kuma cin ƙodar mai suga. In jiki na ciwo ya sha farasitamol yadda aka rubuta. Maganin mura na ƙwaya da na ɗigawa a hanci masu buɗe toshewa su ma suna ɗaga hawan jini, kada ya saya sai ya gaya wa mai ba da maganin ciwon da yake da shi. Ƙaramin asfirin kuwa, ki bincika wa ya ɗora shi a kai. Idan likita ne ya rubuta bayan bugun zuciya ko shanyewar jiki ko aikin buɗe jijiyar zuciya, kada ya bari da kansa, a je a tambaya da gaggawa. Idan kuwa a rumfa ya ji ana cewa yana da kyau ya fara saya, ya ajiye shi har sai likita ya duba shi.

Suga ba ya sa haɓo kai tsaye, amma yana da hannu ta bayan gida. Idan ya daɗe a sama yana raunana ƙananan jijiyoyi a ko'ina, rauni kuma ba ya saurin warkewa, sai tsagar da ya kamata ta rufe cikin kwanaki ta riƙa buɗewa, abin da ya sa kika ƙirga sau huɗu cikin mako uku. Babban abin da nake so a duba shi ne ƙoda. Suga da hawan jini su ne manyan abubuwan da ke lalata ta, kuma a ɓoye suke yi. Ƙodar da ta fara gazawa tana ƙara ɗaga hawan jini, idan ta yi nisa kuma dattin da ya taru a jini yana hana shi daskarewa, har a ga haɓo da jinin dasashi. Ban ce abin da ke damunsa ke nan ba, na ce dai mutumin da ya shekara shida da hawan jini, ga suga, ga watanni ba magani, ya cancanci a gwada masa. Ki lura ko ƙafafunsa na kumbura, ko fuskarsa da safe, ko fitsarinsa na kumfa da yawa.

Akwai wasu alamu da ba kasafai ake gani ba amma gara ki san su. Mai sugan da ya yi sama ƙwarai, in ya fara ciwon fuska ta gefe ɗaya, da kumburin ido, da baƙin abu na fita daga hanci, ciwo ne mai saurin ci da ba ya jiran gobe. Haɓon da kullum ta kafa ɗaya yake zuwa, tare da toshewar wannan kafar ko toshewar kunne ko ƙullutu a wuya, yana buƙatar likitan hanci ya leƙa da na'ura. Haɓo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma, musamman ga wanda ya dawo daga tafiya da rani, a gaya wa likita inda aka je, saboda lokacin zazzaɓin Lassa ne.

Ina so ku je asibiti cikin kwana biyu ko uku, ba sai an sake haɓo ba. Ku nemi a auna yawan jininsa don a ga abin da ya zubar, a gwada ƙoda ta jini da ta fitsari, a yi gwajin sugan nan da ke nuna yadda ya kasance cikin wata uku da suka wuce, wanda ga yawancin masu suga ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7. A leƙa hancin. In an ga jijiyar da ke fashewa, ana ɗan ƙona bakinta da wani tsinke mai magani bayan an kashe zafin wurin, aikin 'yan mintuna ne mutum ya koma gida. A duba idonsa ma in ya daɗe ba a duba ba. Batun tsada kuma ya faɗa wa likita ƙarara, ba abin kunya ba ne. Magani guda yana da kamfanoni da yawa, wani ya ninka wani a kuɗi alhali aikinsu ɗaya, kuma irin su amlodifin da metfomin suna cikin masu sauƙi. Ku tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, a cibiyar lafiya mafi kusa. In da hali ku sayi na'urar awo ta damtse, ta fi ta wuyan hannu. Ya zauna minti biyar ya jingina, ba goro ba shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan, a auna sau biyu safe da yamma har mako guda, ɗanku ya rubuta a littafi ku kai wa likita. Ga mai suga, abin da ake nema shi ne ƙasa da 130 bisa 80, kuma a hankali ake kaiwa can cikin makonni.

Kafin nan ki kula da hancin. Bayan haɓo ya kwana biyu ba fyacewa, ba ɗaga buhu, ba shayi mai tururi a ranar farko, in atishawa ta zo ya buɗe baki. Safe da dare ya shafa Vaseline ɗan kaɗan a bakin kafofin daga ciki da ɗan yatsa mai tsabta, farce a yanke. A kemis ana sayar da ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, shi ba ya ɗaga awo. A kawar da fanka daga saitin fuskarsa, ya sa takunkumi a rumfa da kan hanya, in yana shaƙar garin taba ya bari. Ya kwanta da filo biyu.

Tunda a wurin alwala ya ɓalle, wannan ma a gyara. Maza da yawa suna shaƙa ruwa da ƙarfi su fyace da ƙarfi, musamman da asuba lokacin da hanci ya kwana a bushe. A mazhabar Malikiyya da muke bi, shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a alwala, haɓo kuma ba ya karya ta. Ya kai ruwan bakin hanci a hankali ya share, har wurin ya warke. Malamai sun daɗe da yin bayanin haɓo a cikin sallah, yana nan a Muwaɗɗa da Risala, har da sauƙin da aka yi wa wanda jini ya rinjaya na yin nuni da kai maimakon sujada. Ya tambayi limaminku, zai ji daɗin jin haka daga bakinsa.

Ta fuskar tukunya kuwa, ke ce mai iko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram biyar, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire da burodi da taliyar yara. Kanwa ma dangin gishiri ce a wajen hawan jini, ki rage ta a miyar kuka da wake. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa da citta da albasar da Allah ya hore muku, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce abincin rana da yake ci a kasuwa da lemon kwalba. In zai yarda ki riƙa zuba masa a kula, kin yi rabin aikin.

Saura mai wuyar, wato shawo kansa. Namijin da ya kai shekara 57 yana ciyar da gida da dangi a Arewa ba ya son a nuna masa ya zama majinyaci, kuma sau da yawa "ba na jin komai" tsoro ne ya sa riga. Kada ki tayar da maganar a gaban yara ko lokacin da ya shigo a gajiye, kuma kada ki ce abokansa jahilai ne, zai tsaya kare su ne ya manta da kansa. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki kawo takardar Alabukun da kwalin ƙaramin asfirin ki ajiye a gabansa, ki ce, "Alhaji, ashe waɗannan biyun abu ɗaya ne, shi ya sa jinin ya ƙi tsayawa. Mu je a duba hancin nan kawai a ƙona wurin mu huta." Zuwa don hanci ya fi masa sauƙin karɓa, in an shiga ɗakin likita sauran zai biyo baya. Ki gaya masa gaskiyar abin da kika ji a ranki da asubar nan, kina riƙe da kansa yara na tsaye a bakin ƙofa. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko liman, ki yi masa bayani a asirce. Na taɓa ganin dattijon da matarsa ta yi wata biyu tana roƙo bai motsa ba, ranar da abokin cinikinsa ya zo da mota ya ce "taso ka raka ni a auna ni," sai ga shi ya sa hula ya bi shi, aka auna su duka biyun.

Ki karanta wa ɗanku babba yadda ake matse hancin, ku gwada a kan junanku yau da agogo a hannu, don in abin ya zo kina kasuwa ko kina barci a samu wanda ya iya. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini abin da gwajin ƙodar ya nuna da lambobin da kuka tara na mako guda, da sunan magungunan da aka ba shi, mu ga yadda za ki tsara masa shan su da fitar asubar da yake yi zuwa Mile 12. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya kwantar miki da hankali.